Lamba Ɗaya, Mutum Biyu

Ni dai Allah ya yi ni da tambayar tsiya. Ba na iya ganin abu in wuce sai na ji wa ya ƙago shi, kuma don me. Halin nan ya ja mini zagi ba adadi, amma shi ya sa nake tuna dalla-dalla abin da ya same ni shekarar da aka zo shimfiɗa magudanan ruwa a ƙasarmu ta Bunkure, ba da daɗewa ba bayan an canja mana kuɗi daga fam zuwa naira.

Lokacin ina da mata da jaririya, muna gandu ɗaya da yayana, don mahaifinmu ya rasu. Kamfanin da ya karɓi kwangilar aikin ya aiko wa dagaci yana son leburori, dagaci ya ce kowane gida ya ba da mutum ɗaya. Gidanmu ya ba da Yaya. Aka rubuta sunansa, ya dangwala yatsa, aka ba shi wata lamba ta ƙarfe da zare, wai a rataya a wuya.

Mu a wurinmu aikin nan na gida ne, daidai da garma ko jaki, wanda ya samu sarari shi zai ɗauka. Yaya ya fi ni iya huɗa da shanu nesa ba kusa ba, saboda haka da damina ta faɗi sai ya koma gona, ni kuma in rataya lambar in tafi kanal, wato babbar magudanar da ake ginawa. Ranar biya ce kawai dole shi ya je, tunda yatsansa suka sani. Ko sau ɗaya ba mu taɓa jin muna cutar wani ba. Aiki dai ana yin sa, albashi kuma tukunya ɗaya yake shiga.

Shugabanmu na leburori, wanda muke ce wa heluma, dattijo ne daga unguwar gaba da mu, abokin marigayi mahaifinmu. Shi ke kiran lambobi kowace safiya. Ranar da na fara amsa ta Yaya, ya ɗago kai ya dube ni, ya ce shi dai a cika masa kwanon sarki da kankare, a kai inda ya nuna. Daga ranar bai sake ɗago kai ba in ya zo kan lambarmu.

A wurin aikin nan na fara jin abubuwan da suka ɗaure mini kai. Wai akwai hutun shekara, mutum ya zauna a gida kuma a biya shi. Wai ɗan abin da ake cirewa daga albashi ajiya ce ake yi wa mutum saboda tsufa. Na tasa akawun kamfani gaba ina tambayarsa wa ke riƙe da ajiyar, ya ce gwamnati. Na ce wacce, ta Kano ko ta Ikko? In gwamna ya sauka, da ajiyar yake tafiya? Ya ce don Allah in matsa masa daga bakin taga. Ni a sanina masu iko uku ne, dagaci mai gona da haraji, alƙali mai aure da gado, sai ɗan sanda. Yanzu ga wani na huɗu, ba a ganin fuskarsa, amma ya san ƙarfe nawa za mu tashi daga aiki, har ya hana Baturen kamfani ya riƙe mu bayan haka sai da ƙarin biya. Na so in ga mutumin nan ƙwarai, ko da daga nesa.

Ashe zan gan shi, amma ba ta hanyar da na so ba. Wata ranar Alhamis da hantsi muna sauke wani falankin siminti a jikin bangon kanal, sarƙa ta zame. Ban ji zafi nan take ba, ihun mutane na fara ji. Babban yatsana na hagu da manuniya suna ƙarƙashin falankin. Heluma ya yaga rawaninsa ya ɗaure mini hannun, aka sa ni a motar kamfani sai asibitin birni. A bakin ƙofa aka duba lambar wuyana, aka buɗe takarda, aka rubuta sunan Yaya. Ni a lokacin ko da sunan jaki aka kira ni zan amsa.

Na yi makonni a kwance. Gadon kusa da ni wani direban tifa ne mai karyayyar ƙafa, shi ya fara gaya mini akwai diyyar ma'aikaci. Nan fa tambaya ta taso. Diyyar da na sani ita ce wadda wanda ya ji maka ciwo ke biya, shi da danginsa. To ni siminti ne ya ci yatsuna, siminti kuwa ba shi da dangi. Direban ya ce wanda ya sa ka aikin shi ke biya, ko da laifinsa ko babu. Ya ƙara da cewa a takardar likita kowane yatsa da darajarsa, babba ya fi sauran. Da limaminmu ya zo duba ni na kawo masa maganar, ya ce su a littafinsu yatsu duk ɗaya suke, kowanne raƙuma goma. Na kwana biyu ina auna maganganun nan, ina gwada ɗaukar cokali da yatsun da suka rage. Ban gaya wa liman ba, amma a wannan karon na ga kamar likita ya taɓa riƙe fartanya.

Asirinmu kuwa ta hanyar wauta ya tonu. Ranar biya ta zo, Yaya ya karɓi lambar, ya wanke ƙafa ya tafi kamar kullum. Akawu yana da takarda a gabansa mai cewa mai wannan lamba ya rasa yatsu biyu, sai ga mai lamba ya shimfiɗa yatsu goma cif a kan tebur yana jiran tawada. Akawu ya dubi takarda, ya dubi hannu, ya tashi ya kira manaja. Kafin azahar an karɓe lambar, an kuma aiko cewa wanda ya ji ciwon ba ma'aikacin kamfani ba ne, ba su san shi ba.

Na dawo gida da hannu a naɗe. Na gwada fartanya, ta kuɓuce ta faɗi. Na gwada lauje, haka. Gaskiya na tsorata. Ina da shekara ashirin da 'yan kai, ga iyali, kuma abin da na iya a duniya duk da hannu biyu ake yin sa. Diyyar nan ce kaɗai za ta ba ni jarin da zan kama wata sana'a.

Sai dai kamfani ya riga ya kai rahoton haɗarin ofishin ƙwadago tun kafin abin ya tonu, don doka ta tilasta haka. Saboda haka aka turo jami'i daga Kano. Na zaci zan ga wani ƙato mai ɗamara, sai ga wani siririn mutum mai tabarau da jakar fata, yana fama da mura. Ya iske ni a zaurenmu kwana ɗaya kafin zaman da za a yi a ofishin kamfani. Maimakon ya tambaye ni, ni na dinga tambayarsa, shi kuma bai gaji ba. Ya ce shi ba alƙali ba ne, nasa shi ne ya duba ko an bi doka, in an ƙi ya kai gaban kotu. Ya ce dokar ba dagaci ya yi ta ba, ba kuma kamfani ba, rubutacciya ce da ta hau kan kowa, har kan gwamnatin da ta rubuta ta. Daga nan ya zo kan maganata. Ya ce takarda hujja ce, amma ba ita kaɗai doka ke dubawa ba, tana duba wa ya yi aikin, da sanin wa. In wakilin kamfani ya san ni ne ke zuwa, yana ba ni aiki da bakinsa, to akwai maganar da zai tsaya a kai. In bai sani ba, na shiga ne da yaudara, ba abin da zai iya yi mini.

Wakilin kamfani kuwa heluma ne. Kowa ya san in aka ce ya sani, aikinsa ya ƙare, ga shi da tsufa da bakuna da yawa a gida. Bayan la'asar Yaya ya zaunar da ni, ya ce mutumin nan alheri ya yi mana saboda mahaifinmu, kada in kuskura in ambace shi, shi Yaya zai noma rabona har ƙarshen ransa. Matata ta ajiye mini tuwo ta tsaya tana kallon yadda nake kokawa da kwanon miya. Na ji haushin Yaya, na ji haushin kaina, har dokar ma na ji haushinta, don ta buɗe mini ƙofa ta kuma tsayar da dattijo a bakinta.

Washegari muka taru a ofishin kamfani kusa da Kura, wani ɗaki na kwano mai zafi. Manaja da akawu suna gefe ɗaya, ni da Yaya a kan benci, heluma a tsaye jikin bango da hularsa a hannu. Jami'in ya yi tambayoyinsa ɗaya bayan ɗaya, wata nawa na yi ina zuwa, wane aiki nake yi, da su wa muke ɗaukar kaya tare. Sannan ya ajiye alƙalami ya ce, "Malam, wanda ke kiran lamba ya san kai ne ke amsawa, ba yayanka ba?"

Har yau ban san abin da zan faɗa ba da an bar ni. Ina jin gwiwar Yaya tana taɓa tawa. Sai heluma ya yi gyaran murya.

"Ranka ya daɗe, ba sai ya amsa ba. Na sani tun ranar farko. A gabana aka raɗa wa yaron nan suna, yaya za a yi in kasa gane shi? Ranar ma ni na ce ya kama wancan gefen falankin."

Jami'in ya rubuta, ya karanta masa, ya ba shi ya dangwala. Kafin mako ya zagayo an sallami heluma, aka kawo wani daga birni wanda ke duban fuskar kowa kafin ya kira lamba. Gidaje da yawa a ƙauyenmu masu musanya irin tamu dole suka daina, wasu har suka daina gaishe ni na ɗan lokaci.

Diyyar ta fito bayan watanni, lokacin an saki ruwa a kanal, alkama ta yi kore. Da ita na fara sayen albasa ina kaiwa birni, sana'ar da na ci da iyalina da ita har na tsufa. Amma kafin in taɓa ko kwabo, na ƙulle wani kaso a tsumma na tafi neman heluma. Na same shi a gonar wani yana dashen tumatir a bakin ladan yini, ƙafafunsa cikin taɓo. Na durƙusa a kan wata kunyar gonar na miƙa masa, na ce Baba, ga wannan, ka yi haƙuri da abin da na ja maka.

Ya goge hannunsa a jikin riga, ya ɗauki ƙullin ya mayar mini cikin aljihu da kansa.

"Ɗana, wannan kuɗin yatsunka ne," in ji shi. "Ni nawa goma suna nan."

Ya sunkuya ya ci gaba da dashensa.