Zanga-zangarmu a Cikin Sito

Ko tsufa ya kwashe min komai, ba zan manta da ranar da na jagoranci zanga-zanga a Dubai ba, garin da in mutum biyar suka tsaya da kwali a hannu, jirgi ne zai mayar da su gida.

Lokacin ina aiki a wajen wani Alhaji ɗan Kano mai harkar kago, wato jigilar kaya, ni ke riƙe da makullin sitonsa a unguwar Al Quoz. Wata safiya Goggona ta kira. Ita ta raine ni, a wani gari na bakin teku can kudu, inda take ƙyafe kifi. Gefen garin akwai dajin da gwamnati ta killace, ko ƙirare ka karya sai an ci ka tara. Wai ta cikinsa za a bi da bututun mai. Mutanen gari sun ce ba su yarda ba, kuma ana son 'ya'yansu na waje su turo bidiyo.

"Na Ingila sun turo," in ji Goggo. "Ke ko Dubai ɗin taki ba kwali?"

Ni ba a yi min haka. Na tara masu ɗaure mana kaya, na ce yalla, ku taso, zanga-zanga za mu yi. Babbansu, wani dattijo ɗan Maraɗi, ya ce, "'Yata, bizarki ce ta ishe ki, ko tamu?" Na ce a cikin sito za mu yi, ƙofa a kulle, fuska a rufe. Don kada a gane tufafinmu, na farke kwalin kayan da ya fi kusa. Sai ga hulunan kwano da riguna masu walƙiya, sabbi dal. Ban tsaya tambayar na wa ne ba, haƙurina bai taɓa kaiwa nan ba.

Muka saka, muka ɗaura takunkumi, muka dinga zagaya kwalaye muna cewa "Ba ma so" cikin raɗa, saboda akwai mutane a sito na gaba. Dattijon yana tafe yana istigfari. Na sa aka ɗauke mu bidiyo, na tura wa Goggo, na ce halas, wato an gama.

Ashe kayan na kamfanin bututun ne, Alhaji aka ba kwangilar sayowa. Tambarinsu na nan ɓaro-ɓaro a bayan kowace riga. Kafin mako ya zagayo, labari ya cika gida cewa ma'aikatan bututun da kansu sun yi bore.

Alhaji ya kira ni shagonsa na Murshid Bazaar. Na tafi ina lissafin abin da zai shiga akwatina, don biza tasa ce, aiki nasa ne. Ya juyo min da waya, sai ga bidiyonmu.

"Wace ce wannan gajeriyar ta gaba?"

"Ni ce, Alhaji."

"Ki ɗan musa mana, ko na samu abin faɗa wa mutanen kamfanin nan. Tun asuba suke tambayata me ya sa ma'aikatansu ke yajin aiki a Dubai, alhali ba su da ko maigadi a nan."

Na ce dajin Goggona ne, kuma gaskiya ba ma so. Ya ce shi bututu ba gadon ubansa ba ne, amma kayan da muka zuba wa gumi wa zai karɓa a matsayin sabbi? Ya karɓe makulli, ya sa na goge rigunan nan ɗaya bayan ɗaya na mayar cikin leda. Bai kore ni ba. Ya dai ce in na sake jin kishin ƙasa, in bari sai na je hutu.

Na roƙi Goggo ta faɗa wa mutane gaskiya. Ta ce Allah ya kiyaye, tun da bidiyon ya fito har masu tsoro sun fara zuwa taro.

Har yau ina nan a kan bakana game da dajin nan. Abin da na koya shi ne, in zan ce ba na so, in faɗa a cikin kayan jikina, kuma kada wutar da na kunna ta kama bizar wani.