Sunan da Na Kira a Bakin Dutsen Niƙa

Ku ara mini kunnuwanku, jama'a, manya da ƙanana, ga wata nan na kawo muku. Ba ta hira ba ce, ba kuma ƙaga ta na yi ba, da ni aka yi ta. Ni alƙalami bai taɓa zama a hannuna ba. Jikata Saude ce take rubutawa, na kuma gargaɗe ta kada ta gyara mini magana.

Bana shekara tara ke nan da rasuwar na farina, uban ita Sauden. Ba zan faɗi sunansa ba. Mu nan ƙauyukan bayan duwatsun Dutse, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta yi masa dariya a gaban mutane. Haka na tarar, haka na yi. In zan kira shi sai in ce "kai wannan", in zan ba da labarinsa sai in ce "mutumin". Mai son sunan ya duba jikin faifan waƙoƙinsa, yana nan a rubuce.

Makaɗi ne. Ubansa, Malam, Allah ya ji ƙansa, makarantar allo gare shi a ƙofar gida, amma shi mutumin tun yana makarantar kwana a Ringim ya ɗauki jita, bai kuma ajiye ta ba sai da ciwo ya karɓe ta daga hannunsa. Shekara da shekaru yana yawo tsakanin Kano da Jos da jitar lantarki, yana irin kiɗan nan da suke ce wa rok, wanda aka ce mini ƙararsa kamar injin niƙa ya haɗiyi tsakuwa. Malam bai tsine masa ba, bai kuma taɓa tambayarsa yaya sana'a ba. In zai zo gida, sai ya bar jitar a cikin gari wajen abokinsa Isiyaku mai buga musu ganga, ya danna hula a kan sumarsa, ya shigo da sallama kamar kowa.

Da furfura ta fara leƙo masa, sai ya yi wani kaset guda wanda ya bambanta da sauran. Waƙoƙi ne masu sanyi, da Hausa, irin waɗanda mace za ta iya bi tana tsince shinkafa. Abokan kiɗansa suka ce ya yi laushi, kasuwa ma ba ta karɓa sosai ba. Ya aiko da guda ɗaya gida. Na naɗe shi a tsumma na sa a ƙasan kwalla, ban saurara ba. Ina uwa za ta zauna ta miƙe ƙafa tana jin waƙar ɗan fari?

To, bara bayan babbar salla, sai ga Isiyaku. Ya tsufa, ganga ta cinye masa kunne ɗaya, sai ya karkato da ɗayan in ana magana. Ya durƙusa a tsakar gida, ga Saude, ga ƙanin mutumin, Malam Habu, wanda ya gaji makarantar.

"Inna, mun yi wa kaset ɗin abokina wanki," in ji shi.

Na ce, "Wanki? Da wane sabulun?"

Ya yi dariya har da tari. Ya ce uwar kaset ɗin ce ya tsinta a ƙasan akwatinsa, ya kai wa wani mai wannan aiki a Kano. Shi kuma da kwamfuta yake bi yana tsame wannan shuuu ɗin da tsohon kaset yake yi, har kowane kiɗa ya fito a kan ƙafarsa. Za su sake fitar da shi sabo, mutane su sa a waya. "Amma akwai abin da sai kin ji da kunnenki kafin ya fita."

Na so in tashi. Saude ta riƙe mini gefen zane ta ce, "Tsohuwa, zauna, ba cizo yake yi ba."

Na zauna, na juya musu gefe, na kama tsifar igiyar da ba ta buƙatar tsifa.

Jama'a, ban san kiɗa ba, amma na san ruwan rijiya in an bar shi ya kwana a randa, laka ta kwanta, ka leƙa ka ga ƙasan tukunya. Haka abin nan ya fito. Ana jin yatsansa yana zamewa a kan tsirkiyar jitar kafin ya taɓa ta. Ana jin numfashin da yake ja kafin ya ɗauki baiti, irin jan numfashin ubansa sak in zai fara karatu. Akwai waƙar ruwan farko, wadda gangar Isiyaku take ɗiga a hankali kamar yayyafi a kan kwano. Akwai ta motar kasuwa da ta lalace a hanyar Kafin Hausa, fasinjoji suka raba rake suka zama 'yan uwa kafin magariba. Wannan sai da na danne bakina da mayafi don kada a ga haƙorana. Bai yi ihu ko sau ɗaya ba. Mutumin da ya shekara talatin yana tsage wa mutane kunne, ashe ya iya magana a hankali. Kunyar farko ke nan da ta kama ni: baƙi a garuruwa sun san wannan muryar tun tuni, ni da na haife ta sai ranar nake gaisawa da ita.

Sai waƙar ƙarshe ta zo. Ba da kiɗa ta fara ba. Kukan tantabaru na ji, da kaza tana kiran 'ya'yanta, da gurzar dutsen niƙa. Na ce a raina, wannan ai kamar gidanmu. Sai wata mace ta ɗauki waƙa a kan niƙan, murya siririya, ba ta san da kowa ba. Ta kira suna. Ta sake kira. Ta ce, ɗan nesa, gero ya nuna, wa ke dama maka fura a birni? Duk kiran da ta yi, sai jita ta amsa da ɗan kuka guda, gajere, ƙasa-ƙasa, kamar yaro ya ce na'am daga cikin ɗaki.

Igiyar ta faɗi daga hannuna. Ni ce. Sunan kuwa nasa ne, sunansa na yanka, wanda duk garin nan ba mai cewa ya taɓa ji a bakina.

Na tuna ranar. Da kaka ne, ya zo ganin gida, kowa yana gona, na ɗauka shi ma ya bi su. Ashe ya ɗora rediyonsa mai kaset a kan katangar rumbu don ya ɗauki kukan tantabarun Malam, ya koma zaure. Ni kuwa gida ya zama nawa ni kaɗai, bakina ya kwance.

Waƙar ta ƙare. Da ƙasa tana buɗewa a ranar, da na shige na ja ta na rufe. Isiyaku ne ya yi ƙarfin hali. Ya ce, "Inna, wallahi ba don ya tona ki ya sa ba. Ina wurin. Ya ce wa mai haɗa sautin ya danne ki, ya yi ta dannewa har kika nutse a cikin shuuu ɗin, shi ma ya rage hannunsa ya bi ki can ƙasa. Na ce masa, to meye amfanin abin da ba a ji? Ya ce, ni na san tana nan. Wankin nan ne ya tono ku, mai wankin bai san komai ba."

Malam Habu ya gyara zama. Mutum ne mai sanyi, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Ya ce, "Inna, a cire. Ke matar Malam ce. A ce muryarki tana tashi a aljihun 'yan acaba? Ni da wane ido zan kalli iyayen yara?"

"Baffa, in aka cire har da hannun Babana za a yanke," in ji Saude.

Gaskiyarta. Isiyaku ya ce muryata da jitar a zare ɗaya aka dafa su, kamar kuka a miya, ba a tsame ɗaya a bar ɗaya. Na ce to a mayar da shuuu ɗin ya rufe ni kamar dā. Ya kira Kano a gabanmu. Mai aikin ya ce zai iya, amma amsar jitar ma za ta sake nutsewa, don tare aka binne su. Abu ya rage biyu ke nan: ko a ji ni ina kira a ji shi yana amsawa, ko mu yi shiru mu duka.

Na ce su ba ni kwanaki. A cikin kwanakin nan abinci bai yi mini daɗi ba. Na yi ta tuna ranar da aka kawo gawarsa daga asibiti a naɗe. Ban yi kuka a gaban mutane ba, mata suna ta cewa kai, wance akwai alkunya, akwai dauriya. Na karɓi yabon na ajiye. Ban ce al'adarmu mugun abu ba ce. Ita ta raine ni, da ita na san girman mutane. Amma na zauna na lissafa a raina, tun daga goyo har kabari, wuri ɗaya tak na kira shi da sunansa, wuri ɗaya tak ya samu ya amsa. Shi ne kuma ake tambayata ko a goge.

Da Isiyaku ya dawo, ban iya kallonsa ba. Bango na kalla na ce, "Yaro ya amsa kira, ba ni zan toshe masa baki ba. A bar shi."

Kada ku zaci daga nan na samu sauƙi. Faifai ya fita, abin da Malam Habu ya ji tsoro bai fasa zuwa ba. A wani suna a maƙwabta, ƙawata Tabawa, wadda muka yi 'yan matanci tare, ta hango ni tun daga ƙofa ta rangaɗa guɗa ta ce, "Ku matsa wa zabiya! Shekara sittin muna tare, ashe murya kika ɓoye mana, munafuka!" Mata suka kwashe da dariya, wasu kuma suka sunkuyar da kai, su ne suka fi yi mini ciwo. Ban ci tuwon sunan ba. Wata rana kuma a cikin Dutse, Saude za ta kai ni a duba mini ido, mai keken da muka hau ya saki waƙar. Ya waiwayo ya ce, "Hajiya, kin ji tsohuwar nan? Duk sanda na ji ta sai na kira gyatumata." Na ce masa, "Ɗan nan, kalli gabanka, kada ka zubar da mu." Saude tana ta toshe dariya, ni kuwa gumi har tafin ƙafa.

Duk wannan zan iya shanyewa in yi shiru. Abin da ya fito da ni jarida shi ne maganar da ta fara yawo, wai mutumin ya laɓe ya saci muryar uwarsa ya kai kasuwa, wai ɗan da ba shi da kunya ne tun asali. To ku ji daga bakina. Shi rufe ni ya yi. Ya fi shekara goma yana zuwa gaishe ni bayan kaset ɗin nan, yana durƙusawa, ina ce masa "kai wannan, ka zo lafiya", bai taɓa ko murmushin da zai nuna mini ya ji ba. Wanda ya buɗe, ni ce. In akwai rashin kunya a cikin lamarin nan, a kawo shi ƙofata.

Nakan ce, da zai leƙo yau, me zai gani? Zai ga Dutse ta cika da kwalta da fitilu, zai ga ɗalibai a Kafin Hausa da zare a kunne suna bin waƙar da abokansa suka raina. Wannan zai yi masa daɗi, ko da ba zai nuna ba. Amma in ya ji waƙar ƙarshe tana tashi a fili a bakin tasha, na san shi, hularsa zai ja ya rufe ido, ya bi ta bayan layi. Wataƙila ma bayan Malam Habu zai goya. Kunyata ya gada, jitar ce kawai ta sa mutane ba su lura ba. Ƙarar da ya yi ta yi a otal-otal ta tafi da waɗanda suka yi rawarta. Abin da ya yi a hankali shi ne ya rage, har da wanda ya yi don kada kowa ya ji.

Ga yadda kowa ya ƙare. Isiyaku ya ga fitar faifan da idonsa, ya raba wa 'yan unguwa dabino, yanzu kunnen na biyu ma ya fara tafiya, sai dai ya ɗora wayar a ƙirji ya ji bugun gangarsa. Malam Habu ya yi wata guda gaisuwa kawai ke haɗa mu, daga baya ya sauko. Makaranta tana nan cike, ba uban da ya janye ɗansa, amma har yau in waƙar ta tashi sai ya tuna yana da alwala da zai sabunta. Tabawa ba ta daina kirana zabiya ba, ta ma ce in ta riga ni tafiya kada in kuskura in yi mata shiru. Saude an sa ranarta bayan kaka, ta roƙi a sa waƙar ruwan farko a wajen kamu, na ce wannan ɗaya dai na yarda.

Ni kuma ina nan, ido ya yi rauni, na rage shiga taro. In gida ya yi shiru nakan ce wa Saude ta kunna mini ta bar ɗakin. In an zo wurin, har yanzu mayafi nake ja in rufe fuska, ni kaɗai a ɗaki, tsohuwa da ni. Sai dai kunnen ba na rufe shi, sai ya gama amsawa. Allah ya ji ƙansa, ya sa ya huta, ya haɗa mu a inda ba a jin nauyin kiran suna.