Butar Shayi da Gonar Kawu

Akwai wata Lahadi da na yi a gonar kawuna a bayan Maje, wadda komai daɗewar da zan yi a duniya ba za ta fita daga raina ba. Lokacin ban jima da sayen jirgin ɗaukar hoto ba, ƙaramin nan mara matuƙi da samari ke ce wa duron. Da shi nake ɗaukar bukukuwa a Suleja da Abuja, ina ta ji da kaina kamar ni na ƙera shi.

Gonar ta gado ce, a cikinta Kawu yake zaune, kuma 'yan'uwa sun riga sun sayar da ita ga masu gina rukunin gidaje. Kawu kaɗai ne bai so ba, aka fi ƙarfinsa. Ga ciwon ƙafa ya kwantar da shi, ko bakin rafi ba ya iya zuwa. Da ya ji katafila za ta shiga ranar Litinin, sai ya aika a kira ni.

"An ce abin nan naka yana gani daga sama," in ji shi. "So nake in gan ta gaba ɗaya, daga ɗorawar babanmu har rafi. Sau ɗaya ma ya ishe ni."

Na ce ai wannan ƙaramin aiki ne. Matsalata ɗaya ce, batir. Satin nan kaf ba mu ga wuta a unguwarmu ba, batirana duk sun yi ƙasa, can gonar kuwa ko falwaya ba a taɓa kafawa ba. Janareta biyu muke da su a gida. Na duba abin da caja ke ci, na ga ƙaramin ma zai ɗauke ta har da rara. Babban kuwa sai an nemi Keke Napep, ga nauyi. Na ɗaure ƙaramin a bayan babur, ina yaba wa kaina iya lissafi. Kuma har yau in aka ba ni biro, lissafin nan daidai yake fitowa.

Abin da ban sa a ciki ba shi ne mutane. Ina tayar da janareta a gindin mangwaro, kafin in juya, maƙwabta sun fito kowa da wayarsa, wasu da tocila. A wurin da babu wuta, wanda ya tayar da inji ya tayar wa kowa, kuma ba ka da bakin da za ka ce wa dattijo ya koma da wayarsa. Na jona musu soket, don waya ba ta cin komai. Na sa batirana a caji, na tafi zaga iyakar gonar don in san inda zan bi da jirgin in rana ta yi sanyi.

Ina kusa da rafi na ji kukan janaretan ya canza. Ya yi wani gurnani kamar zai mutu, sai kuma ya zabura da ƙarfi. Da gudu na dawo. Tun daga nesa ƙaurin roba ya tare ni. Na tarar da Inna, matar Kawu, tsaye riƙe da filogi, a gabanta ga sabuwar butar lantarki fil, ko takardar jikinta ba a ɓare ba. 'Yarta ce ta kawo mata tun bara, ba ta taɓa samun wutar da za ta gwada ba.

"Shayi zan dafa maka, ɗan nan," ta ce. "Na ji injin yana kuka shi ne na zare. Na yi ɓarna, ko?"

Butar ta fi ƙarfin janaretan nesa ba kusa ba, kuma da ta zare ta, wutar da ta taso ta ƙone cajar. Na dubi fuskarta, na ce mata dama can cajar ta tsufa.

Batir ɗaya ne ya ɗan sami abin kirki. Muka fito da Kawu kan kujera, na ɗora masa wayar da ke nuna abin da jirgin ke gani a cinya, na tayar da jirgin. Ya ga rufin ɗakinsa, ya yi dariya. Ya ga mangwaro da rumbu. "Yi gabas," ya ce, "ɗorawar tana gabas." Na karkata ke nan jirgin ya fara ƙara, alamar batir ya ƙare, ya juyo da kansa ya sauka a gabanmu. Kawu ya ci gaba da kallon wayar, yana jiran ta ci gaba.

Na zaga Suleja ban sami irin cajar ba, sai a Abuja, ita ma sai da na jira. Ranar da na koma na ɗauki hoton, babu ɗorawa, babu kunyar shuka, sai jar ƙasa da turakun siminti. Ban yi niyyar nuna masa ba, shi ya matsa. Lokacin an dawo da shi wani ɗaki a unguwar Wambai, cikin gari. Ya daɗe yana kallo, sannan ya miƙo mini wayar.

"Ka yi ɓatan hanya, yaro," ya ce. "Wannan ba tawa ba ce."

Ban yi masa musu ba. Bai sake tambayata ba har Allah ya yi masa rasuwa, kuma abin yana ci mini rai har gobe. Tun daga nan na gane cewa in za ka kai wuta inda babu ita, ba na'urarka kaɗai za ka auna ba, sai ka auna har da masu son su karrama ka. Yanzu duk ƙauyen da aiki ya kai ni, babban nake ɗauka, komai nauyinsa.