Birkin da ya durƙusar da ni a Ƙofa

Ni dai aji huɗu na yi a firamare, amma ko a nan an koya mana cewa duk abin da ya iya tafiya ya kamata ya iya tsayawa. Motar ɗan ƙanena ranar wannan darasi ba ta je makaranta ba.

Shekarar da ya dawo Kankia daga Abuja ya zo da ita, ja wur, ƙofa biyu, kujera biyu, cikinta na shafar ƙasa kamar kunkuru. Ya ce motar tsere ce. Na tambaye shi wa ya biyo shi, ya yi dariya. Gudu kam tana da shi, amma birkin tun a Kwatano ya tsufa. In ya taka a bakin kasuwa, sai ta yi shawara da zuciyarta, ta je ta tsaya gaban masallaci.

Da ita ya riƙa kai ni Kusada duba 'yata da ke aure can. A hanya akwai majalisar gindin itacen bedi a Ƙofa, inda ɗan kawuna ke zama da dattawan garin. Ni da shi tun muna kiwon awaki muke gardamar wane ne babba, iyayen da za su raba mu kuma duk sun rasu. Mai mutunci ba ya wuce bedin nan sai ya sauka an gaisa. To, duk zuwanmu ina cewa "Tsaya, tsaya!", yaro na takawa, mota na wucewa. Kafin ta yarda ta tsaya mun kai gonar gyaɗar wani, sai in ɗago masu hannu daga nesa kamar ɗan takara.

Ba a jima ba magana ta iso Kankia, wai na shiga jar mota na daina sanin mutane. A wani taron suna a Yashe na miƙa wa wani dattijo hannu, ya ba ni yatsu biyu. Ranar na ce wa ɗan ƙanena ko a gyara birki ko in koma hawa bayan mashin.

Bakaniken da muka kai wa ya leƙa ƙarƙashi, ya ce wannan ba gyara take so ba, ƙarin girma take so. Ya sa aka kawo mashi fayafayan birkin wata jif daga Kano, kowane ɗaya ya yi murfin tukunyar biki, haɗe da muƙamuƙin da ke cizon faifan, wanda suke kira kalifa. Aka gwada, ramukan noti suka ƙi haɗuwa. Mai walda ya yanko ƙarfe mai kauri ya yi masu mazauni. Aka ɗaura, sai wili ya ƙi shiga. Aka sayo manyan wili. Sai kuma aka ce tiyon man birki ba zai jure ba, sai mai rigar waya.

Na ce, "Malam, me zai hana a bar birkin nan a canza mashi mota?"

Ya ce, "Baba, shiga ka taimake mu, iska za mu fitar."

Na zauna a kujerar direba, shi yana kwance ƙasa yana ba ni umarni. "Taka! Riƙe! Saki! Baba, na ce riƙe!" In ban da mai ɗakina, ba wanda ya taɓa yi mani tsawa haka. Saboda wannan wahala, duk wanda ya tambaya nakan ce ni na haɗa birkin, su sun riƙe mani sifana.

Ranar gwaji na sha shadda sabuwar bugu, na kafa hula. Bakanike ya ce in ɗaura bel. Na ce ban ba mai bugu rigata don igiya ta yamutsa ta ba. Ya kuma ce wa yaro ya taka a hankali, amma ƙafar da ta saba danne tsohon birki da dukkan ƙarfinta ba ta jin Hausa.

Muka kama hanyar Ƙofa, muka hango bedi, majalisa ta cika. Na gyara murya na ce, "Tsaya."

Ta tsaya. Ni ne ban tsaya ba. Goshina ya gaida gaban mota, hula ta fice ta taga ta faɗi kan tabarmar dattawa. Na buɗe ƙofa ina ganin taurari, ga mota a ƙasa, ga gwiwa ta tsufa. Na zuro ƙafa, riga ta harɗe ni, sai ga ni gwiwa biyu, hannu biyu a ƙasa, kai babu hula, daidai gaban takalmin ɗan kawuna.

Ya dube ni, ya dafa kaina.

"Tashi, ƙanena, tashi. Na yafe maka. Jama'a, kun dai gani da idonku."

Na ce, "Birki ne!"

Ya ce, "Allah ya yi wa birki albarka."

Maganar girman kai dai ta mutu a ranar. Har dattijon Yashe yanzu hannu biyu yake ba ni, yana cewa bai taɓa ganin mai ladabi irina ba. Amma gardamar da na riƙe tun ina yaro ta tafi gaban shaidu, kuma ɗan kawuna ya fara aikena sayen goro.