Baba Tsaya-Haka da fuskar yayanmu

Kullum da safe yakan wanke hannu, ya bar iska ta busar da su, don a cewarsa tawul yana barin zare. Sannan ya ɗauki ɗan buroshi mai laushi ya bi gilashin kyamara a hankali. Sunansa na yanka ya daɗe da ɓacewa. Baba Tsaya-Haka muke ce masa, don abin da yake faɗa ke nan kafin ya danna. Ƙarshen watan nan zai rufe shagon hotonsa, ya ce bayansa ya gaji.

Telan da ke maƙwabtaka da shi ya shaida cewa ranar da rufin shagon ya yi yoyo, akwatunan fim ɗin mutane Baba ya fara kwasowa a ka, ya bar talabijin ɗinsa tana shan ruwa. Ni kuwa shaidata ta bana ce.

An sa wa Innarmu ranar aikin ido, likita kuma ya ce ba shi da tabbacin za ta ci gaba da gani. Abu ɗaya ta roƙa: ta sake ganin fuskar yayanmu da ya rasu. Hotonsa na bango danshi ya cinye. Abin da ya rage nagatif ne, ɗan siririn fim mai ruwan ƙasa da aka wanko hoton daga jikinsa. Na kai wa Baba, ya ce maganin wanke hoto irin na da ya ɓace a kasuwa, sai dai a nemi na'urar sikana ta ɗauke shi zuwa kwamfuta.

Na ce ai sikana ta cika gari. Ya ce ta ofis daga ƙasa take haskawa, takarda kawai ta sani. Fim kuwa sai wadda ke da fitila a murfi, hasken ya ratsa shi.

Muka shiga kasuwa, ni ina sauri, shi yana tafiyar da ya ga dama. Fim ɗin Yaya bai ko bari mun fito da shi ba. Wani fim daban ya zaro daga aljihunsa, da shi yake gwaji. Na'urar farko baƙi ƙirin ta fitar. Ta biyu tana da fitilar, amma maƙalin da ke riƙe fim ɗin yana da kaifi, na ji wani ɗan ƙarat da ya rufe shi. Baba ya ɗaga fim ɗin ya duba a haske, ya ce mu tafi.

Ranar aiki tana ta matsowa, Inna kullum sai ta tambaye ni. Haƙurina ya ƙare, na ce, “Baba, don Allah mu ɗauki ko wacce ce.”

Ya ce, “Ɗana, fim ɗin yayanka guda ɗaya ne a duniya. In ya karce, wa zan kira ya sake tsaya min?”

Ana jibi aikin muka dace da wadda maƙalinta gefe kawai yake kamawa, ba ya taɓa hoton. Ya sa fim ɗin gwajinsa, sai ga wata mata tana dariya a kan allo, da farin layi ya ratsa kumatunta. Ya daɗe yana kallo kafin ya ce wannan sikanar ta yi.

Washegari ya hure ƙurar fim ɗin Yaya, ya kwantar da shi, fitila ta bi ta kansa a hankali. Ya girmama fuskar har ta cika allon. Inna ta matso, hancinta kamar zai taɓa gilashin, ta ce, “Shi ne. Ga manyan kunnuwan nan na ubansa.” Ta yi dariya, sannan ta yi kuka.

An yi aikin, idon bai dawo yadda muka so ba. Amma Inna ta ce ta gan shi, ta adana.

Daga baya tela ya gaya min matar nan mai dariya marigayiyar matar Baba ce, kuma fim ɗin nan shi kaɗai ya rage masa nata. Layin da ke kumatunta, na'ura ta biyu ce ta yi shi a gabana. Na koma shagon don in ba shi haƙuri. Baba ya ce, “Ita ba za ta yi fushi da ni ba. Kuma ni ko ido rufe na san fuskarta.”

Baba, kai ne mai riƙon amanar fuskoki. Kai ne ka miƙa naka ga kaifi don namu ya tsira. Mun gode, Allah ya ba ka hutu mai daɗi, ya jiƙan mai dariyar nan. Ku kuma da ake danƙa wa kayan mutane, in za ku yi gwaji, ku fara da naku.