Rigar Audugar da Na Ɗinka wa Yayana

A shekarun da ake babban yaƙin Turawa, ni matashin tela ne a Makka. Ina zaune da yayana a wata bukka ta itace da buhuna a gefen gari, wajen da yanzu ake kira Mansur. Karatuna bai yi nisa ba, don haka Malam Edita da masu karatu su yi haƙuri da rubutuna, kuma ba zan kama sunan kowa ba. Daga wani ƙauye na ƙasar Kano muka taso da ƙafa, mu biyu da mahaifiyarmu, da niyyar aikin Hajji. Muka bi ta Cadi, muka yi shekaru a Sudan muna tsinkar auduga don samun guzuri, a can Allah ya yi mata rasuwa. Da muka ƙetare teku muka sauke farali, sai muka rasa abin komawa, muka zauna. A duk faɗin garin nan ba ni da wanda ya san ni tun ina ƙarami sai shi.

Yayana jakuna yake kora. Yakan ɗauki kayan 'yan kasuwa ya hau da su Ɗa'ifa ta hanyar dutse, ya sauko da gawayi da kayan lambu. Lokacin zafi yake yin wannan aiki, in sanyi ya shigo sai ya tsaya cikin gari yana jigilar alhazai. To, a shekarar da nake magana yaƙi ya tare hanyar jiragen ruwa, alhazai ba su zo da yawa ba, aiki ya yanke. Ni ma sai in wuni a bakin bukka ba wanda ya kawo ko facin wando. Dole ta sa ya ce zai ci gaba da hawa dutsen har cikin sanyi, ni kuma in riƙa raka shi ina kama masa jaki ɗaya.

Wata rana da la'asar ya shigo da wata jabba a kafaɗarsa, ta gashin tumaki, mai kauri da kaushi, irin wadda makiyayan dutse suke sawa. Wani Balarabe abokin aikinsa ne ya ba shi ya gwada, in ta yi masa su daidaita. Da ya saka ta, na yi ta dariya har da riƙe ciki. Na ce masa saura ƙaho da bindi ya zama rago, kuma in ya shiga Harami da wannan wari sahu zai dare masa. Na ce mutanen garin nan dama kallon talakawa suke mana, sutura ce kaɗai ta rage mana, yaya za a yi a ce yayan tela yana yawo da shimfiɗar dabbobi. Shi ma ya yi dariya, ya ce to sarkin allura ya yi magana, sai in fito da nawa ya gani. Washegari ya mayar da ita.

Ina so a fahimci dalilina, ba don in wanke kaina ba. A ƙasarmu sanyi daban, damina daban. Lokacin da ake sanyi sama a bushe take, mutum ya ninka riguna biyu ko uku, ya yafa mayafi, shi ke nan. Lokacin da ake ruwa kuma da ɗumi ake yinsa, in ya jiƙa ka sai ka shanya jiki ka wuce. Ban taɓa tunanin akwai ƙasar da ruwa da sanyi suke zuwa rana ɗaya ba. A cikin Makka ma ruwan da na sha gani na ɗan lokaci ne, ya sauko da ƙarfi, ya cika kwararo, ya ɗauke. Da wannan sanin na zauna na ɗinka masa riga. Na ninka yadi biyu, na shimfiɗa auduga mai laushi a tsakani kamar katifa, na bi ta da allura layi-layi don kada ta tattare, na yi mata ɗan aiki a wuya irin na gida. Ban taɓa ɗinkin da na zuba wa hankalina kamar wannan ba. Da ya saka ta, ya zaga unguwa yana nuna wa mutane, yana cewa ƙaninsa ya gina masa ɗaki ya sa masa hannuwa.

Tafiya biyu muka yi lafiya, rigar tana yi masa amfani, ni kuma ina ta jin daɗin kaina. A ta uku muka wuce Mina, muka ratsa filin Arfa ba kowa a cikinsa sai iska, muka kwana a wata rumfar gahawa a gindin dutsen. Da safe mai rumfar ya dubi sama ya ce yau ba ranar hawa ba ce. Yayana ya ce masu kaya suna jira, muka kama hanya. Hanyar siririya ce, ta duwatsu, tana lanƙwasa tana hawa. Wajen azahar hazo ya rufe mu har ba na ganin jakin da ke gabana sosai, sai iska mai sanyi ta taso, ruwa ya biyo ta, da ƙanƙara a ciki. Ba irin ruwan da na sani ba ne, wannan bai yi niyyar ɗaukewa ba.

Ni riguna biyu marasa nauyi ne a jikina, nan da nan suka manne mini, haƙorana suka fara karo. Yayana ya juyo ya dube ni, ya tsayar da jakin, ya sauke kayan, ya zare shimfiɗar gashin tumakin da ke ƙarƙashinsu, ya rufa mini a kai da kafaɗu. Ita kaɗai ce ta ulu a cikin kayanmu, sauran buhuna ne. Na ce shi fa. Ya ce shi yana cikin ɗakinsa, in yi ta kaina. A lokacin rigar ta riga ta sha ruwa. Audugar da na cusa ta tsotse shi kamar soso, ta yi nauyi, tana jan kafaɗunsa ƙasa, iska kuma tana bi ta cikinta. Na ga yana tafiya kamar mai ɗauke da tulu. Na ce ya tuɓe ta, ya ce in ya tuɓe me zai sa, kuma tun da yake ba a taɓa yi masa kyauta mai nauyin wannan ba. Wasan ƙarshe da ya yi mini ke nan.

Da muka ƙara hawa, sai rawar jikinsa ta tsaya. Na yi hamdala a zuciyata, na zaci ɗumi ya fara zuwa masa. Sai na ji maganarsa tana fita da kyar, yana tambayata ko Inna ta sauke tuwo. Ya zauna a kan wani dutse ya ce zai ɗan huta, na ja shi ya ƙi tashi. Na yi kira, ba mai amsawa sai ruwa. Ban san tsawon lokacin da na yi a durƙushe ina murza masa hannuwa ba, sai Allah ya kawo wasu makiyaya biyu suna sauko da awaki. Irin jabbar nan da na yi wa dariya ce a jikinsu. Ruwa yana gangarewa ta bayanta, da ɗayansu ya riƙo hannuna na ji tafinsa da ɗumi. Ba su tambaye mu komai ba. Suka ɗauke shi zuwa wani ɗakin dutse da ke kusa, suka yanke rigar da wuƙa don ta ƙi fita, babban ya tuɓe tasa jabbar ya naɗe shi da ita, suka hura wuta, suka ba shi madara mai zafi kaɗan-kaɗan.

Ya farfaɗo, amma sanyin ya riga ya shiga ƙirjinsa. Da rana ta fito na ɗora shi a jaki na sauko da shi gida yana tari. Maƙwabta sun kyauta, wata tsohuwa daga cikin 'yan uwanmu da suka biyo ta Sudan ta riƙa kawo kunu da jiƙo, ni kuma ina ɗebo masa Zamzam. Zazzaɓi ya ƙi sauka. Ko sau ɗaya bai ɗora mini laifi ba. Ranar da na kasa daurewa na fara neman gafararsa, sai ya ɗaga hannu ya tsayar da ni, ya ce ɗinkin ya yi kyau, ƙasar ce ba tamu ba. Ya ce in sayar da jakunan in riƙe allurata. Da hantsin wata Laraba ya cika, kaina yana kusa da nasa. Aka yi masa salla a Harami, muka kai shi maƙabarta mu 'yan kaɗan. A nan ba a sa wa kabari alama, yanzu ko na je sai dai in tsaya daga gefe in yi addu'a ga duk wanda ke kwance.

Na san ajali ba ya wuce lokacinsa, malamai sun sha faɗa mini, na kuma yarda. Amma na san hannun da ya yi ɗinkin, na san bakin da ya sa aka mayar da jabbar. Abin da ya sa na rubuto shi ne, har yanzu 'yan uwanmu suna isowa, wasu suna neman abinci a hanyoyin dutse, suna tafe da sanin gida. Ina roƙonsu su dubi abin da mutanen wurin suke sawa kafin su raina shi. Inda sanyi ke haɗuwa da ruwa, auduga ba ta da amana komai kaurinta, in ta jiƙe sanyin take riƙe wa mutum. Ulu ko ya jiƙe yana da sauran ɗumi. A nemi na ulu ko da mummuna ne, a rufe kai, a naɗe busasshiyar riga ɗaya a cikin fata don canji. In mutanen hanya suka ce yau ba a hawa, a zauna. In kuma wanda sanyi ya kama ya daina rawar jiki yana neman barci, ba sauƙi ya samu ba, a tuɓe masa jiƙaƙƙen kaya a nema masa wuta.

Yanzu na wuce shekarun da yayana yake da su lokacin da ya rasu. Ina da ɗan shago, ana kirana baba, ana kirana usta, wato gwanin sana'a, ba wanda ya sake kirana ƙanena. In hadari ya taso ta wajen duwatsun nan, nakan ajiye ɗinki in ja ƙofa, in zauna a ciki har ya wuce. Wanda ya karanta wannan, ya sa shi a addu'a. Allah ya ji ƙansa.