Zuwa Kumasi Gaida Malam Ansa

Minna zuwa Legas

Bayan sallar Asuba na bar Ketaren Gwari, a shekarar da Gana ta cika hamsin da samun 'yanci. Niyyata in gaida Malam Ansa, mutumin Gana da ya koya mana lissafi a Minna har lokacin da gwamnatinmu ta kori baƙi a 1983. Labari ya iso mini cewa shanyewar jiki ta kwantar da shi. Muka bi ta Bida da Mokwa, muka ci amala a Ilori, Legas kuwa sai bayan Isha.

Seme zuwa Aflao

Ni malamin tarihi ne. Kullum ina gaya wa ɗalibai cewa tun da muka sami 'yanci, Afirka ce ƙasarmu ta sa a gaba. A iyakar Seme kuwa jami'inmu ya tsare wata 'yar Togo mai goyo, takardunta cikakku, har sai da ta kwance bakin zane.

Direba ya ce, "Malam, kafin 'yanci kakana har Gwanja yake zuwa fataucin goro, ba mai tambayarsa takarda."

Muka ratsa Kwatano da Lome, muka kwana a Aflao, bakin iyakar Gana.

Kumasi

Na sami Malam kwance a falo, ya rame, amma Hausarsa ta Minna tana nan. Na buɗe tsarabar doya da kilishi. Sai jikarsa ta nuna jakar da na zubo su a ciki, ta kira sunan da muke kiranta da shi a ƙasarmu: Gana-mas-go, wato dole 'yan Gana su tafi. Sai a lokacin na lura da abin da na ɗauko. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

"A irinta na zuba littattafaina," in ji shi. "Kwana da kwanaki muna zube a bakin iyaka. A can matata ta yi ɓari."

"Malam, ka yafe mana."

Ya juya kai wajen ƙofa.

"Ɗana, ka ga shagon da ke ƙofar gidan nan? Na wani Bahaushe ne. Mu muka fara korarku a 1969, babana ya saye shi da arha ranar da mutumin zai tafi. Da kuɗin shagon na yi karatun da na koya muku."

Aka kawo wake da shinkafa. Ni na riƙa ba shi a baki.

Komawa gida

Da zan tafi ya ba ni sunan Bahaushen, ya ce ya ji danginsa 'yan layin dogo ne, ko Minna ko Kaduna, in nemi jikokinsa in roƙa masa gafara. Na iso Minna lafiya ranar Laraba da la'asar, na gode wa Allah da iyalin Malam. Na bi tsofaffin unguwar tashar jirgi ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya san sunan. Malam ya rasu da damina, ban kai masa amsa ba.